Na Tsinci Kaina A Littafin Barista

Masu turo min saƙo kuna tambayar me nake jira ban amsa wa Barista ba, ku ɗan tsagaita ku ji abin da ya same ni tsakanin Lahadi da Litinin.

Ga waɗanda yau suka fara bina: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da huɗu, ina aiki a wani kantin magani, ni ke tsayawa a kanta. Barista kuwa shi ne mutumin da ya shekara yana nemana. Lauya ne, dogo, mai sanyin murya, in yana magana sai ka rantse daga gida ya rubuto ta. Mama ta fi ni son sa. Ranar Asabar manyansa za su zo ganin Baba, tun makon jiya ta sa aka sauke labulen falo aka wanke, aka hana kowa zama a doguwar kujera.

To Barista ya rubuta littafi, labarin kotu. Ya yi mako uku da fitowa, amma kullum na tambayi nawa sai ya ce, "Naki na musamman ne, Gimbiya, sai na zauna na sa masa hannu." Sai ranar Juma'a ya miƙo min shi a naɗe cikin takarda mai ƙyalli.

Lahadi bayan abincin rana na shige ɗaki, na tura ƙofa, na kunna fanka, na kwanta rub da ciki. Bangon baƙi ne, an zana ma'auni da gudumar alƙali, sunansa da ruwan zinare. Har shinshina takardar na yi don murna.

Jama'a, ban san yadda zan faɗa ba tare da na ci fuskar mutum ba. Littafin nan ba daɗi. Shafi arba'in na farko duk bayanin lauyan labarin ne: tsayinsa, agogonsa, turarensa, yadda yake gyara baƙar rigarsa kafin ya miƙe. Duk alƙalin da ya gan shi sai ya gyara zama. Duk macen da ta gan shi sai ta saki abin da ke hannunta, uku sun zubar da shayi, ɗaya ta watsar da fayil a matakala. Jawabinsa guda ya cinye shafi tara, na karanta biyu na tsallake bakwai, kuma ban rasa komai ba. Na ce a raina, oh ni, in ya tambaye ni ya na gani, da wane baki zan amsa? Har na fara shirya ƙaryar da zan yi masa: "Kai Barista, akwai ilimi a ciki."

Labarin na wani direba ne da aka ɗaure kan ya kaɗe mai shara, alhali ba shi ke tuƙi ba. Tun da idona ya faɗa kan mai shara na tsaya da karatu, amma na ce ai masu shara suna da yawa a duniya. Na ci gaba.

Sai shafi na ɗari da goma sha biyu.

Wata yarinya ce mai aiki a kantin magani. Tana tsaye a ƙofar bayan sito, bayan ragar ƙarfe, rungume da kwalin ruwan ƙari. An yi ruwan sama an ɗauke. A tsintsiyar hannunta na hagu akwai tabon ƙunar dutsen guga, lanƙwasasshe.

Na ɗaga hannuna na hagu ina kallo kamar yau na fara ganin tabon.

Dole in gaya muku abin da ban taɓa rubutawa a nan ba. Shekara biyu da suka wuce, wata Talata wajen sha ɗaya na safe, Madam mai kantinmu ta aike ni sito in ɗauko kwali. Ƙofar bayan siton tana kallon wani lungu. Tsohon da ke share lungun yana sunkuye yana zaro leda daga bakin kwata, sai ga wata farar jif ta shigo a guje. Ƙarar nan har gobe tana kunnena. Motar ta tsaya. Wanda ya fito daga ɓangaren sitiyari na san shi sarai: ɗan mai ginin ne, wanda duk jerin kantunanmu na mahaifinsa ne. Direbansa ta ɗaya ƙofar ya fito. Ɗan mai ginin ya dafa kafaɗun direban da hannu biyu ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, direban ya zagaya ya zauna a bayan sitiyari, shi kuma ya taka da ƙafa ya sha kwana kafin mutane su taru.

Tsohon bai kai asibiti ba. Direban aka ba shekara bakwai. Ni kuwa na ajiye kwalin, na shiga bayi na yi amai, na wanke fuska, na koma kanta na ci gaba da miƙa wa mutane maganin mura.

Ku zage ni, na cancanta. Amma ku sani mutanen nan ba a ja da su. Duk ƙarshen wata ɗan mai ginin yana zuwa karɓar maganin hawan jinin mahaifiyarsa, ni ke sa masa a leda, har da "Allah ya ƙara sauƙi". Abin da ya tsare ni kawai shi ne bai san akwai mutum a bayan ragar nan ba.

Mutum ɗaya na taɓa gaya wa. Wata takwas da suka wuce, a cikin motarsa a ƙofar gidanmu, Barista ya tambaye ni me ya sa nake zagaye mai nisa ba na bin lungun. Na fashe da kuka na zazzage masa komai. Ya miƙo min hankici ya ce, "Maganar nan a motar nan ta mutu."

Ashe a shafi na ɗari da goma sha biyu aka binne ta.

Na dinga buɗe shafuka. Yarinyar ta tsaya a kotu, ta yi magana shafi uku, an saki direba, an ɗaga lauya sama. Daga nan na shiga neman ta. Ta isa gida lafiya? An kore ta daga aiki? An tare ta a hanya? Na bi layi-layi har bangon baya. Babu. Babin ƙarshe duk liyafar karrama lauya ce, har da bayanin takalmin da ya sa. Ita ko suna bai ba ta ba, "yarinyar kanti" kawai.

Na jawo waya na tura wa Barista saƙo.

"Na gama littafin."

Nan take ya amsa: "Har kin gama? Ya kika gani, Gimbiya?"

"Shafi 112."

Na ga yana rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa.

"Ƙirƙira ce kawai. Gobe mu yi magana."

"Tabon hannuna ma ƙirƙira ne?"

Ya karanta, bai amsa ba. Na kira sau huɗu, a na biyar wayar a kashe.

Ina zaune a bakin gado Yaya ta banko ƙofa da riguna biyu a kafaɗa. Yayata ce mai aure, ta zo taya Mama shiri.

"Auta, wacce za ki sa ranar Asabar, shuɗiyar ko mai ruwan toka? Ni dai shuɗiyar, ta fi fito da ke. Ke lafiya? Kin yi fari fat."

"Yaya, a ɗaga Asabar ɗin nan."

Ba ta ko tambaye ni dalili ba, ta juya ta ƙwala kira: "Mama! Zo ki ji 'yarki!"

Mama ta shigo tana goge hannu da gefen zani. "A ɗaga saboda me?"

Mama tana da hawan jini, kuma magana ba ta kwana a cikinta, kafin minti goma ƙanwarta ta ji, kafin awa ɗaya unguwa ta ji. Abin da ya fito min kawai shi ne, "Littafinsa ne, Mama. Ban ji daɗinsa ba."

Suka kalli juna. Yaya ta faɗi kan gado tana dariya har da riƙe ciki.

Mama ta ce, "Littafin za ki aura? Babanku ko wasiƙa bai iya tsarawa ba, 'bayan gaisuwa, a aiko min da hulata' ya taɓa rubuto min, ga mu shekara talatin da biyar. Yaro mai hankali, mai sana'a, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ki ce littafi? Kada ki sa jinina ya hau. Shuɗiyar za ta sa."

Litinin da safe na zaɓi riga mai dogon hannu duk da zafin da ake yi, na ja mayafi na rufe har yatsu. Ina shiga kanti na tarar da Madam tana jera kwalabe a firij. Na daure na tambaye ta ko Barista ya ba ta littafinsa.

"Angon naki? Tun makon da ya fito. Ni ina na ga lokacin karatu. Ba ya ma hannuna, ɗan mai gini ya zo duba yoyon rufi ranar Alhamis, ya gan shi a kan kanta ya ara."

Na juya na shiga goge kanta don kada ta ga fuskata.

Ƙarfe goma ɗan mai ginin ya shigo. Ba ƙarshen wata ba ne. Farar riga, baƙin gilashi a saman goshi, littafin a hannunsa. Ya gaida Madam da fara'a, ya ajiye mata shi, ya ce ya gode. Sannan ya juyo gare ni.

"'Yan mata, ba ni maganin tari. Ba wannan ba. Wancan na can sama, mai jan kwali."

Akwai irinsa a ƙasa, dab da hannuna. Na nuna masa.

"Na saman nake so."

Madam na tsaye. Na taka ƙaramar kujera na miƙa hannun dama, ban kai ba, kwalin ya goce zai faɗo, kafin in yi tunani hannun hagu ya tare shi. Hannun rigar ya zame har gwiwar hannu.

Da na sauko ba maganin yake kallo ba.

"Dutsen guga?" ya tambaya a hankali.

Na gyaɗa kai.

"Mugun abu ne. Mutum ya riƙa hankali." Ya karɓi ledar yana murmushi, ya juya wajen Madam. "Ƙofar bayan nan taku har yanzu raga ce ko? Zan sa a zo a toshe ta. Babu tsaro."

Madam har godiya ta yi masa. Yana fita na ce mata cikina ke ciwo. Na tari mota sai ofishin Barista, ina waiwaye duk tsawon hanya, duk farar motar da na gani sai in sunkuyar da kai.

Ofishin yana hawa na biyu. A benci na waje wata mata ce zaune, mayafinta ya koɗe, ta rungume wata leda cike da takardu. Sakatariya ta miƙe tana cewa yana da aiki, na wuce ta na tura ƙofa.

Yana zaune ya naɗe hannun riga. A kan teburinsa fayil ne buɗe, an maƙala ƙaramin hoto a kusurwa. Na gane fuskar. Direban ne.

Na ce, "Me hoton nan yake yi a nan?"

Ya rufe fayil ɗin, ya sake buɗewa, kamar ya ga ɓoyon ba shi da amfani. "Zauna, Gimbiya."

"Kada ka sake kirana haka. Me yake yi a nan?"

"Ni ke ɗaukaka masa ƙara. Shekara ɗaya da rabi ke nan. Mutanen mai ginin sun yi masa alkawarin wata uku zai fito, da aka yanke shekara bakwai suka daina ɗaga wayar matarsa. Ya faɗi gaskiya daga baya, amma ba mai shaida, wa zai yarda da shi?"

Shekara ɗaya da rabi. Mu kuma shekara ɗaya da haɗuwa.

"Ranar da ka fara shigowa kantinmu neman maganin ciwon kai?"

Ya sunkuyar da kai. "Kaina bai yi ciwo ba. Na bi lungun ne na duba ƙofofin da ke kallonsa. Uku ne. Taku kaɗai ke da raga." Ya ɗago da sauri. "Amma abin da ya biyo baya gaskiya ne, wallahi. Ban shirya son ki ba."

"Ka ce maganar ta mutu a mota."

"Sau biyu na gwada ki, ko za ki iya faɗa a gaban hukuma. Kika ce ko a mafarki. Mutum yana ruɓewa a gidan yari, ya kike so in yi?"

"Sai ka zana ni ka raba wa gari? Har da tabona? Ya karanta, Barista. Yau ya zo ya sa na miƙa hannu ya gani da idonsa."

Da ya buɗe baki, muryar kotu ce ta fito.

"To ki saurare ni. Muddin kina shiru, abin da yake so shi ne shirun ya ɗore har abada. Ranar da kika faɗa a gaban alƙali aka rubuta, taɓa ki ba zai amfane shi da komai ba. Alhamis kotu za ta zauna. Yanzu magana ce kaɗai za ta tsare ki."

"Wato ka tura ni tsakiyar titi, sannan kana nuna min inda zan gudu."

Ya rufe fayil ɗin.

Na ce, "Tambaya ɗaya. Me ya sami yarinyar bayan ta sauko?"

"Wace yarinya?"

"Ta littafinka. Ta gama ba da shaida, ta sauko, sai me? Wa ya raka ta gida?"

Mutumin da ke jawabin shafi tara ya rasa kalma ɗaya. Can ya ce, "Ban yi tunanin wannan ba."

"Na sani. Na duba."

Ina fitowa matar benci ta miƙe. Ƙofar ba ta rufu ba, ta ji komai. Ta matso tana kallon fuskata kamar mai neman wani abu.

"Ke ce kika gani?"

Na gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"Ni ce matar direban. Ba roƙonki zan yi ba, ƙanwata, na gaji da roƙo. Ko 'yan uwana sun ce ƙarya yake, shi ya kaɗe tsohon. Dama so nake in ga mutum ɗaya da ya san ba ƙarya yake ba." Ta gyara ledarta. "Na gani. Ki gaida gida."

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Na iso gida bayan la'asar. Baba yana tsakar gida a kan tabarma, ya kwance tsohuwar rediyonsa yana goge cikinta da burushin haƙori. Tun da ya yi ritaya aikinsa ke nan, ya gyara abin da bai lalace ba. Na durƙusa a gabansa.

"Baba, ina da magana."

Ya kalle ni ta saman tabarau, ya ajiye burushin. Na faɗa masa tun daga kwalin ruwan ƙari har matar benci. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ya ture rediyon gefe.

"Shekara biyu, Auta. Kina ɗauke da wannan ke kaɗai, ina cikin gidan nan ina wasa da rediyo."

"Tsoro nake ji, Baba."

"Ai dole. Ni ma yanzu ina ji."

Bai rufe baki ba sai ga Mama ta fito daga falo da sauri, fuskarta fal murna, tana gyara ɗankwali.

"Malam, ka yi baƙo. Ɗan mai ginin kantin da 'yarka ke aiki ne, wai ya biyo ta unguwar ya ce bari ya gaishe ka. Har da kwandon lemo. Yaron kirki, ka ga yadda ya rusuna? Na sa shi a doguwar kujera."

Ban san lokacin da na riƙe hannun rigar Baba ba. Ban taɓa gaya wa kowa a ginin kantinmu inda muke zaune ba, ko Madam kwatancen unguwa kawai ta sani.

Baba ya ce wa Mama ta kai masa ruwa, yana zuwa. Ya miƙe a hankali, ya wanke hannu a bakin famfo, ya ɗauki hularsa a kan taga ya sa. Sannan ya sunkuyo dab da kunnena.

"Alhamis za ki je ko ba za ki je ba? Duk wanda kika zaɓa ina bayanki. Amma ki gaya min yanzu, in san da wace fuska zan gaishe shi."

Na tuna yadda tsohon nan ya sunkuya yana zaro leda, bai ko waiwayo ba.

"Zan je, Baba."

"To. Shiga ɗakina ki sa sakata. Kada ki buɗe wa kowa sai kin ji muryata."

Na shiga na sa sakata, na zauna a ƙasa na jingina da bangon da ya raba ɗakin da falo. Na ciro waya. Sau uku ina kuskuren haruffa kafin na tura wa Barista:

"Alhamis zan zo kotu. Ba don kai ba. Asabar kada kowa naka ya tako gidanmu."

Ya fara kira nan take. Na kashe ƙarar, na kifa wayar a cinya.

Ta bango ina jin gaisuwarsu. Ya gida, ya iyali, ya ƙarfin jiki. Ƙarar kofi a kan faranti. Baba yana amsawa a taƙaice, muryarsa ba ta rawa.

Sai na ji baƙon ya yi 'yar dariya ya ce, "Baba, ina Auta? Na ga shigowarta ɗazu, da koren mayafi."

A kanti ba wanda ya san ana kirana Auta.